Wace manhajar ajiyar kwafi ce agogon fayil ba ya ruɗa ta?

Burauza ta sabunta kanta da dare, da safe manhajar ajiyar kwafi ta ce dubban fayiloli sun canza, ta kama kwashe su daga farko. Wannan ba lalacewa ba ce. Yawancin manhajojin nan girman fayil da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe kawai suke dubawa, su kuma Chrome da Firefox sun saba fitar da sabon salo duk bayan 'yan makonni, kowane sabuntawa yana sake rubuta fayilolin shirin. Sai kuma faifan da kake zuba kwafin: FAT32, tsarin jera fayiloli da ake yawan samu a filasha, yana rubuta lokaci ne daƙiƙa bibbiyu, da agogon gida, shi kuwa NTFS, tsarin da faifan Windows ke amfani da shi, da agogon duniya na UTC yake aiki. Fayil ɗaya, lokaci biyu.

Don haka abin da nake fara tambaya kafin in zaɓi manhaja shi ne: za ta nuna mini abin da take shirin yi kafin ta yi?

A nan FreeFileSync ta yi wa sauran fintinkau. Kana danna kwatantawa, za ta jera maka fayilolin hagu da dama, kowanne da dalilinsa: wannan sabo ne, wancan lokacinsa ne ya bambanta. Ba ta taɓa komai sai ka amince. Tun asali tana yafe bambancin daƙiƙa 2, kuma za ka iya gaya mata ta kau da kai daga tazarar awa guda, irin wadda sauya agogon bazara ke jawowa a Turai da Amurka. In shakka ta kama ka, sai ka sa ta kwatanta abin da ke cikin fayil ɗin kansa. Yana cin lokaci, ba ƙarya, amma agogo ba shi da ta cewa a wurin. Ka cire foldar tarkacen burauza daga aikin, ka kunna adana tsofaffin kwafi. Wannan na ƙarshen shi na fi riƙewa da muhimmanci, domin wata manhaja ta taɓa danne mini fayil mai kyau da gurɓatacce, don kawai lokacinsa ya fi sabunta. Ka rufe burauzar ma kafin a fara, saboda places.sqlite, fayil ɗin da Firefox ke adana tarihin bincike a ciki, yana buɗe muddin tana aiki.

Shi rsync, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, gwani ne: zaɓin --modify-window=1 na maganin matsalar lokacin FAT32, --checksum na duba cikin fayil. Sai dai na masu son rubuta umarni ne. Robocopy na cikin Windows yana da /FFT don yafe daƙiƙa 2 da /DST don tazarar awa guda, amma kuskure ɗaya da /MIR, wanda ke mayar da kwafin daidai da asali har da gogewa, ya isa ya share maka abin da ba ka yi niyya ba. 

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen saukewa. Tallan da ke saman sakamakon bincike ba lallai ne shafin masu manhajar ba; ka rubuta freefilesync.org da hannunka. Duk wanda ya miƙo maka "fasasshen" kwafin manhajar kuɗi, ka tuna wannan shiri ne da za ka ba izinin karanta duk fayilolinka. Haka ƙananan manhajojin da ke alƙawarin gyara lokacin fayil da dannawa ɗaya: su mayar da komai kwanan yau, shaidar da za ka gane sabo da tsoho ta tafi. Ga kuma filasha ta jabu, a rubuta terabait 2 a jiki alhali cikinta 'yan gigabait ne. Za ta nuna maka sunan fayil, girmansa da lokacinsa daidai wa daida, ciki kuwa fanko, kuma manhajar da ke dogaro da agogo ba za ta taɓa ganewa ba. Ka gwada duk sabuwar filasha da H2testw ko F3, manhajojin da ke auna ainihin girmanta, kafin ka zuba mata komai.