Gargaɗi kan akwatin haɗin laftof na bogi da ake sayarwa da sunan Thunderbolt

Jama'a, a yi hattara da wasu masu tallar akwatin haɗin laftof a kasuwannin intanet, wato na'urar nan da ake jona wa waya ɗaya ta raba hoto zuwa allo biyu ko uku, ta ɗauki madannai da linzami da wayar intanet, ta kuma yi wa kwamfutar caji. Sukan sa hoton kayan babban kamfani, su rubuta Thunderbolt da 4K da allo uku da caji wat 100, su karya farashi, sannan su aiko da ƙaramin marabin USB-C da aka sa wa riga mai sheƙi. Abin da ke rufa musu asiri shi ne kayan yana aiki rabi da rabi. Fitila za ta kama, allo ɗaya zai kawo, linzami zai motsa, sai mai saye ya ɗauka matsalar daga kwamfutarsa take.

USB-C siffar kan waya ce kawai, ba ta nuna abin da ke bi ta cikin wayar. Thunderbolt fasahar kamfanin Intel ce ta aika bayanai da hoto da sauri, samfurinta na 3 da na 4 suna ɗaukar gigabit 40 a daƙiƙa, kuma na 4 ba ya samun shaidar Intel sai ya iya riƙe allon 4K guda biyu. Marabi mai arha kuwa hanyoyi huɗu na gudu da ke cikin wayar yake rabawa, biyu na hoto, biyu na USB mai gigabit 5. Idan akwatin ko kwamfutar na tsohon tsarin aika hoto ne, wato DisplayPort 1.2, hanyoyin nan biyu iyakarsu 4K a 30Hz, wato hoton ya sabunta sau 30 a daƙiƙa maimakon 60 da aka saba, abin da zai sa kibiyar linzami ta riƙa tafiya tana ɗingishi. Aka jona allo na biyu, dole kowanne ya sauko 1080p, girman hoton da bai kai 4K ba. Kenan kalmar 4K da ke jikin kwalin ba lallai ƙarya ce tsagwaronta ba, sai dai an ɓoye cewa allo ɗaya ake nufi, kuma a rabin gudu.

Masu Mac su ne suka fi shan wannan cuta. Yawancin ƙananan akwatunan nan da dabarar MST, wadda ke tura hoton alluna da yawa ta hanya ɗaya, suke raba hoto, macOS kuma ba ya shimfiɗa aiki a kan alluna daban-daban ta wannan hanya, don haka alluna biyun abu ɗaya za su nuna kamar madubi. MacBook Air mai M1 ko M2 ma allon waje ɗaya tak yake ɗauka da kansa. Hanyar tsallake wannan iyaka ita ce akwati mai DisplayLink, fasahar da ke tura hoto ta hanyar USB, ko makamancinsa, wanda sai an saka masa manhaja. Duk wanda ya yi alkawarin allo uku a irin wannan Mac, ya ce jonawa kawai za a yi, ya shara ƙarya.

Batun caji ya fi ban tsoro, domin a nan asarar ta wuce kuɗin akwatin. Wat 100 da ake rubutawa galibi abin da akwatin zai iya karɓa ne, daga cajar da ba ta ma cikin kwalin, kuma zai riƙe kamar wat 15 don kansa kafin ya miƙa saura. Wayar USB-C ta gama-gari amfiya 3 take ɗauka, wato wat 60 a bolt 20. Sai mai amfiya 5, wadda ke da ɗan cif, wato ƙaramar na'urar lantarki, a cikin kanta, take kai wat 100. Shi ya sa za a ga alamar caji tana nan amma batir yana raguwa in aiki ya yi nauyi. Idan kuma an haɗo da cajar jabu, alamunta sanannu ne: ba nauyi a hannu, zafi kamar ta ƙona yatsa, kibiyar linzami tana tsalle da kanta da zarar an jona. A cire ta nan take. A cikin kafar USB-C, ƙafafun da ke ɗauke da bolt 20 suna maƙwabtaka da na saƙo masu ƙaramin ƙarfi, kai mara kyau na iya haɗa su ya ƙona cif ɗin kafar, gyaran kuma ya koma kan babban faifan lantarkin da ke cikin kwamfutar.

Ranar da kayan ya iso ake gwaji, ba bayan mako ba. A ɗauki bidiyon buɗe kwalin ba yankewa, takardar adireshi da lambar kayan su fito sarai. A jona allunan duka lokaci ɗaya, a shiga saitin allo a duba girman hoto da adadin Hz na kowanne. A kwafi babban fayil, kamar gigabait 5, zuwa ma'ajin SSD ta kowace kafa: idan gudun ya tsaya tsakanin megabait 30 zuwa 40 a daƙiƙa, USB 2.0 ce, ko da an yi mata shuɗin roba, domin ta gaskiya mai gigabit 5 tana kai wajen 400. A haska tocila cikin faffaɗar kafar USB ma za a gani, ta USB 3 ƙarafa tara gare ta, ta 2.0 huɗu. Kafar intanet kuma a gwada ta da wayar da aka san lafiyarta. In ta nuna gudun megabit 100 maimakon 1000, a duba sunan cif ɗin a jerin na'urorin kwamfutar, RTL8152 na megabit 100 ne, RTL8153 shi ne na gigabit. Akwatin da aka jona a kafar Thunderbolt amma bai bayyana a sashen Thunderbolt na bayanan kwamfutar ba, sunan kawai aka ara masa.

Rabin damfarar na biyu bayan ƙorafi yake farawa. Mai sayarwa zai amsa da ladabi, ya ce a sabunta direba, wato manhajar da ke sarrafa na'urar, bayan kwana uku ya ce a canja waya, can ya ce zai aiko da sabo amma a fara rufe ƙarar da aka shigar, ko ya yi tayin mayar da ɗan wani abu daga kuɗin. Wa'adin mayar da kaya yake ci, kuma a kasuwanni da yawa ƙarar da aka rufe ba ta sake buɗuwa. Kada a rufe sai kuɗi sun shigo cif, kada kuma a yarda a biya ta wajen kasuwar don an yi alkawarin ragi, domin kariyar mai saye ba ta bin kuɗin da suka fita ta bayan gida. Taurari biyar ma a bi su a hankali, a gangara zuwa tsofaffin sharhi. In ana yabon rigar waya ko fitila a ƙarƙashin tallar akwatin haɗi, tsohon shafin wani kaya aka sauya wa hoto.

Gaskiya ne akwai laftof da kafar USB-C ɗinsu ba ta fitar da hoto sam, wasu kuma ba sa karɓar caji ta nan, kuma bayan wannan gaskiyar macucin yake fakewa. Don haka kafin a biya, a buɗe littafin kwamfutar a tabbatar kafar tana da DisplayPort ko Thunderbolt, a tura wa mai sayarwa cikakkiyar lambar ƙirarta ta akwatin saƙon kasuwar, a nemi ya rubuta allo nawa za ta ɗauka, a wane girma da Hz nawa, da wat nawa zai isa gare ta. A adana amsar, ita za a gabatar ranar jayayya.