Wasiƙa daga Ingila: yadda ake kashe zafi bayan tiyatar mama, nan da can gida

Assalamu alaikum Yaya Hajiya, da sauran 'yan uwa ma'aikatan jinya a Sakkwato. Ina fata kuna lafiya, ya aiki, ya kuma zafin gari.

Kin tambaye ni game da matan da ke zuwa muku bayan an sa musu robar silikon a mama, wasu daga Legas, wasu daga Turkiyya ko Masar, suna kukan zogi ba su da ko takardar da ta nuna abin da aka yi musu. Batun halacci na bar wa malamai, su ma sun bambanta aikin kwalliya da na mayar da mama bayan an cire ta saboda ciwon daji, wato kansa. Haka gwamnatin nan ma ta raba su: hukumar lafiya ta NHS tana yin na masu kansa kyauta, na kwalliya kuwa mace ce za ta biya a asibitin kuɗi, daga fam 3,500 zuwa 8,000. Amma zafin ba ya tambayar dalilin aikin, shi ya sa abin da zan faɗa ya shafi dukansu.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne inda aka ajiye robar. Idan a saman tsokar ƙirji take, ƙarƙashin naman mama, zafin bai cika tsanani ba. Idan kuwa an ɗaga tsokar an cusa ta ƙarƙashi, to kwana 2 zuwa 3 na farko mace za ta ji ƙirjinta ya ɗaure tamau, numfashi mai zurfi ma sai da dabara, saboda tsokar tana murɗawa a kan abin da ba ta saba da shi ba. Wannan ba alamar ɓacin aiki ba ce. Yana raguwa sosai cikin mako guda.

A nan tun a ɗakin tiyata ake tarar zafin. Likitan sa barci yana duba ƙirji da na'urar sikanin, ya zuba maganin kashe jijiya, galibi levobupivacaine, tsakanin tsokokin ƙirji. Wannan allura ana kiranta PECS, likita Rafael Blanco ne ya fara bayyana ta a 2011. Ba a wuce miligiram 2 a kan kowane kilo na nauyin mace, don in ya yi yawa yana taɓa zuciya. Takan riƙe awa 8 zuwa 12, wani lokaci fiye. Ana haɗawa da dexamethasone da ondansetron don hana amai, domin yunƙurin amai da sabon ɗinki a ƙirji azaba ce, kuma yana iya tayar da zubar jini. Allurar PECS kam ta fi ƙarfin ƙananan asibitoci, amma duk inda ake da bupivacaine, ɗan'uwan levobupivacaine, likitan fiɗa zai iya zuba shi a bakin yankan kafin ya ɗinke, kuma yana taimakawa.

Inda gida ya fi bambanta da nan shi ne bayan mace ta farka, kuma ba a tsadar magani ba. Abin da ake sallamar mace da shi a nan, kusan duka akwai shi a kowane kantin magani mai rajista a Sakkwato. Farasitamol gram 1, wato ƙwaya biyu ta miligiram 500, duk bayan awa 6, kada a wuce gram 4 a awa 24. Macen da ba ta kai kilo 50 ba a rage mata, ƙwaya ɗaya ko miligiram 15 a kan kowane kilo. Sai ibuprofen miligiram 400 sau uku a rana, bayan an ci abinci, idan likitan fiɗa ya yarda, don wasunsu sun fi so a jira kwana ɗaya ko biyu saboda tsoron jini. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, da mai asma da irin wannan magani ke tayar mata, ba a ba su ibuprofen. Farasitamol da ibuprofen ɗin ana shan su ne da agogo, ko ana jin zafi ko ba a ji, har kwana 5 zuwa 7. Mu a gida an saba sai mace ta fara kuka sannan a nemo allura. Zafin da aka bari ya kama kamar wutar kara yake a lokacin hunturu, kashe shi sai an yi ɓarnar ruwa.

Mai ƙarfin, wato codeine miligiram 30 zuwa 60, ajiye shi ake yi don lokacin da waɗancan suka gaza, yawanci da dare, kuma na kwana 3 kacal ko kusa da haka ake bayarwa. Ba a wuce miligiram 240 a rana, ba a kuma ba mai shayarwa, saboda yana bi ta nono ya danne numfashin jariri. Tare da shi ake miƙa maganin sassauta ciki, lactulose ko senna, don codeine yana ɗaure ciki, kuma nishin bayan gida yana ja wa ƙirji. A lura da wanda ake kira co-codamol: akwai farasitamol a cikinsa. Mace ta sha shi ta kuma ƙara da Panadol, ta ninka abin da hanta za ta iya ɗauka ba ta sani ba. Saboda irin wannan haɗari ne tun 1998 doka ta ƙayyade kwalin farasitamol a Birtaniya: ƙwaya 16 a kanti, 32 a wurin mai harhaɗa magani.

Pentazocine, maganin allurar kashe zafi da muke ji da shi a gida, a nan da wuya ki gan shi a kan takardar mara lafiya. Yana sa jiri da ruɗewa, yana kama mutum, kuma duk mun san gyambon da yake bari a cinya da ɗuwawun wanda ya saba da shi. A ganina ya tsaya a ranar farko a asibiti, kada a bi mace da shi gida. Sai haɗin kemis, wanda ake ƙulla wa mutum a leda babu suna. Sau da yawa za a tarar da diclofenac da piroxicam da ibuprofen a ƙulli guda, alhali duk dangi ɗaya ne. Ba su ƙara kashe zafi, sai dai su ci ciki da ƙoda, balle a watan Afrilu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 jiki na rasa ruwa. Tramadol ma, wanda aka amince da shi na miligiram 50 da 100 ne. Mai 225 ɗin nan da hukumar NDLEA ke kamawa ba shi da gurbi a jinya.

Rabin sauƙin kuma ba a ƙwaya yake ba. Ana sa wa mace rigar mama mai taushi, marar ƙarfe, mai maɓalli ta gaba, ta zauna da ita dare da rana kamar mako 6. A zafin gida a samu biyu ko uku na auduga a riƙa canzawa, don gumi a ƙarƙashin mama, daidai inda ɗinkin yake, shi ke jiƙa rauni. Kwanciya rigingine, da filo biyu ko uku a baya. In za ta tashi ta mirgina kaɗan ta sauke ƙafafu, kada ta dogara da hannu. Daka, wanki, ɗibar ruwa, ɗaga yaro ko goya shi, duk a ɗaga mata su wata guda zuwa mako 6. Salla a zaune a kwanakin farko. Amma ba a ce ta kwanta kamar gawa ba, ta riƙa zagaya tsakar gida tun ranar farko don kada jini ya daskare a ƙafa.

Gashi da ruwan zafi fa, Yaya, a ja kunnen iyaye mata. Fatar wurin a mace take na makonni, ba za ta ji ƙuna ba sai ta ga ta sale. Ƙanƙara ma sai an naɗe ta a tawul, minti 15, ba a kan ɗinki ba. Wadda aka gina wa mama da naman jikinta kuwa, ko sanyi ko zafi kada a sa mata.

Akwai zafin da ba na magani ba ne. Idan mama ɗaya ta kumbura ta fi ɗayar, ta yi tauri, fata ta yi duhu, zafin na ƙaruwa cikin awa 24 zuwa 48 na farko, jini ne ya taru, sai an koma ɗakin tiyata. Ja, ɗumi, ruwa mai wari da zazzaɓi na digiri 38 bayan kwanaki, ƙwayar cuta ce, kuma in ta kai ga robar wani lokaci sai an cire ta. Kumburin ƙafa ɗaya ko sarƙewar numfashi farat ɗaya, musamman ga wadda ta hau jirgi da wuri, a garzaya da ita asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru a daren. Shawarar NHS ita ce a jira kwana 5 zuwa 7 kafin hawa jirgi bayan tiyatar mama.

Wani zafin kuma kamar fizgar lantarki yake zuwa kan nono ko cikin hammata, makonni bayan aiki. Jijiya ce ke farfaɗowa, yawanci yana wucewa da kansa. Farasitamol bai cika yi masa komai ba, in ya hana barci likita kan rubuta amitriptyline miligiram 10 da dare. Taurin da ke zuwa bayan watanni ko shekaru, mama ta dunƙule ta haura sama tana ciwo, tabon da jiki ya gina kewaye da robar ne ya matse, wannan aikin likitan fiɗa ne.

Duk wannan bayani a nan rubuta shi ake yi a takarda ɗaya, da lokutan shan magani da lambar wayar da za a kira ko da tsakar dare. Ana kuma ba mace kati mai sunan kamfanin robar, girmanta da lambarta, sannan tun 2016 Ingila na da rajistar da ake shigar da su, bayan abin kunyar robobin kamfanin PIP na Faransa da aka janye a 2010. Duk wadda ta ce muku za ta tafi waje aiki, ku ce ta dawo da katin nan da rahoton tiyatar. Takardar lokutan magani kuwa, ku rubuta taku da Hausa, da boko da ajami, a riƙa ba mai jinyarta kwafi ɗaya ranar sallama.

A gaida Inna da yara. Wassalam.