Man girki a Marwa da Garwa: wanne za ki saya?

Da hunturu ya kama, sai ki ji mata a kasuwannin waɗannan garuruwa na arewacin Kamaru suna ɗaga kwalba suna cewa man nan ya yi barci, an yi masa algus. Ba lallai ba ne. Kowane mai gaurayen sinadaran kitse ne: akwai masu daskarewa irin su palmitik da istiyarik, akwai masu zama ruwa irin su oleyik da linoleyik. Wanda ya rinjaya shi ke nuna halin man.

Manjan da ake kawowa daga kudu kusan rabinsa mai daskarewa ne, palmitik kaɗai ya kai wajen kashi 44 cikin ɗari, ba ya gama narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 35. Shi ya sa a Janairu sai an sa cokali an yanko shi, a zafin Afrilu kuwa yana tsiyaya da kansa. Man gyaɗa fa? Kusan kashi 80 nasa mai zama ruwa ne, sanyin garinmu bai isa ya daskarar da shi ba. Idan kika ga wanda aka kira na gyaɗa ya yi farin gudaji a gindin kwalba da safe, nan ne ya kamata ki tsaya ki yi wa mai shago tambaya.

Man angurya, irin Diamaor na kamfanin auduga Sodecoton, fiye da rabinsa linoleyik ne. Ba shi da wani ƙamshi, kuma yana soya ƙosai da fanke tas. Sai dai linoleyik ba ya jimirin wuta da iska. Mai tuyar da ke maimaita kasko ɗaya har man ya yi baƙi yana kumfa, ba tattali take yi ba.

Man shanu ni ba na haɗa shi da komai a kan miyar kuka. Yana narkewa ƙasa da zafin jiki, digiri 37, don haka yake bin harshe. Kitsen saniya kuwa sai ya haura digiri 40, shi ne yake liƙe wa mutum a ganɗa in miya ta huce. Man kaɗanya ma istiyarik ya yi masa yawa, yana da tauri, amma yana daɗewa a ajiye.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya a gida, ta rage manja da man shanu da kitse, ta riƙe na gyaɗa. Ki shinshina kafin a auna miki, kuma ki guji kwalbar da aka jera a rana.