Tsaga ƙirji ko aikin kyamara, wanne ya fi wa mai kansar huhu?

Tsohuwar hanya dai ita ce a yanka gefen ƙirji doguwar yanka, a buɗe haƙarƙari da ƙarfe, likita ya sa hannu ya cire ɓangaren huhun da ya kamu. Yana gani yana taɓawa, amma fa zafin bayan aiki ba wasa ba, wani tari ma gagararsa yake, daga nan sai majina ta taru a samu nimoniya, wasu kuma ciwon wajen ya bi su watanni.

Ɗayar, wadda ake kira VATS, ƙananan huji ne biyu zuwa huɗu, a zura kyamara ana kallo a talabijin, ba a bankare haƙarƙari. Tun farkon shekarun 1990 aka fara, yanzu har da na'urar mutum-mutumi da likita ke sarrafawa, mai suna "da Vinci". Jini kaɗan, sallama da wuri. A kansar bututun abinci ma wani bincike da likitocin Holan suka jagoranta a 2012 ya nuna in da kyamara aka yi aikin, kamuwa da nimoniya bayan aiki na raguwa sosai.

Ni a ganina in ciwon bai yi nisa ba kyamarar ta fi, in dai likitan ya ƙware. Amma ƙari babba, ko wanda ya manne da manyan jijiyoyin jini, gara a buɗe kawai, kuma ko an fara da kyamara jini ya ɓalle dole a koma tsagawa nan take.