Fitilar bango: a mita 1.7 ko can sama da linta?

Wata Hajiya a cikinmu da ke gini a Hanwa, Zariya, ta kawo tambaya. An kai ga binne fayif ɗin waya kafin filasta, mai wayarin ya ce zai fitar da wayoyin fitilun bangon falo a ƙafa 8 kamar yadda aka saba. Ita kuma fitilun da ta gano a shagunan Sabon Gari na ado ne masu gilashi, kuma a hotuna ƙasa-ƙasa take ganin ana kafa irinsu. To wanne za ta bi?

Hajiya, kin yi tambayar a kan kari, domin bayan filasta da fenti gyaran sai da fasa bango. Bari mu ajiye tsayin biyu gefe da gefe.

Ƙafa 8, wato kusan mita 2.4, tana da dalilinta. Tsayin ƙofa mita 2.1 ne, linta kuma tana cin kusan inci 9 a kanta, don haka kankare mai rodi yana kaiwa wajen mita 2.33. A gidajen da aka zagaye linta gaba ɗaya, babu mai hankalin da zai sassaƙe ta don ya binne akwatin waya, shi ya sa ake haurawa layin bulon da ke sama. A wannan tsayi ƙwai tsirara ba ya dukan ido, haske yana watsuwa ko'ina, yaro ba ya kaiwa, wadirof ba ya rufe shi. In fitilar ita kaɗai ce za ta haska ɗakin, kamar a kicin, sito, ɗakin yara ko shago, nan ne mazauninta.

Matsalarta tana fitowa ne da zarar an ɗora fitilar ado a wurin. Yawancin falo ana gina shi mita 3, POP kuma ya zo ya cinye santimita 20 zuwa 30. Silin ya sauko 2.7 ke nan, fitila tana 2.4, tazarar da ta rage ɗan kaɗan ce. Fitila mai harba haske sama tana son aƙalla santimita 40 tsakaninta da silin, in ba haka ba sai ta yi wani farin tabo mai ƙarfi a wuri guda, sauran ɗakin ya yi duhu-duhu. Sannan ga fanka. Fukafukanta suna juyawa a daidai wannan tsayin ko sama da shi kaɗan, hasken da ya bugi silin ya dawo sai ya riƙa ratsa su, inuwa ta yi ta wulgawa a bango da ƙasa. Mutane kan ɗauka wuta ce ke rawa, har a ɗora wa Kaduna Electric laifin da ba nata ba, alhali fitila ce aka kai kusa da fanka. Ga kuma ƙurar hunturu da ke taruwa a cikin gilashin mai buɗaɗɗen sama, wanda sai an hau tsani za a goge.

Ɗaya tsayin, mita 1.65 zuwa 1.8 daga ƙasa zuwa tsakiyar fitila, an ɗauko shi ne daga idon mutum a tsaye. Ana so fitilar ta ɗan zarce ido, yadda wanda ke tsaye ba zai leƙa ta sama ya ga ƙwan ba. A nan ne adonta ke fitowa, haske ya kwanta a bango sama da ƙasa, fuskokin mutane su fito ba inuwa a ƙarƙashin ido. Gogewa da canza ƙwai ba sai da tsani ba. Silin ɗin da bai wuce 2.7 ba, 1.7 ta yi masa. In ya kai mita 3 ko ya wuce, a ɗaga zuwa 1.8 ko 1.9, don kada bangon sama ya zauna fayau.

Sai dai wannan ƙa'ida an tsara ta ne da tunanin masu zama a kujera. Mu kuwa rabin zaman falonmu a kan kafet ne, ko cin abinci, ko hira, ko karatun yara bayan Magariba. Wanda ke ƙasa idonsa bai wuce santimita 80 ba, kuma in gindin fitilar a buɗe yake, ƙwan yana kallonsa kai tsaye. Don haka in za ki bi ƙaramin tsayin, Hajiya, ki zaɓi mai rufaffen gindi ko mai gilashi mai hazo, ki bar mai gilashi garai-garai komai kyansa a shago. Ƙwan LED mai wat 5 zuwa 7, mai launin ɗumi da aka rubuta 3000K a kwalinsa, ya wadatar. Mai 6500K farinsa yana da kaifi, a daidai ido yana gajiyarwa. Kuma kada a sa ran waɗannan fitilu su haska falo su kaɗai. Babban haske daga silin zai zo.

Hukuncinmu a kan falonki: tunda fitilun na ado ne kuma akwai fanka da POP, mita 1.7 in silin bai wuce 2.7 ba, 1.8 in ya fi haka. Ki bar ƙafa 8 wa kicin da sito.

A korido ana bin 1.8 ɗin, da tazarar mita 2.5 zuwa 3 tsakanin fitilu. Abin lura shi ne tudun fitilar daga bango. In koridon bai fi mita 1.2 faɗi ba, kada ta ɓullo fiye da santimita 10, in ba haka ba ranar da za a shigo da katifa ko wadirof ita ce za ta fara tafiya. Wadda ta fi haka tudu a kai ta sama da mita 2. A matakalar bene kuma daga matakin da ke ƙarƙashin fitilar ake aunawa.

Gefen gado lissafinsa daban ne, daga katifa ake farawa. Gindin fitilar ya zauna santimita 50 zuwa 60 sama da katifa, daidai kafaɗar wanda ya jingina yana karatu, yawanci mita 1.1 zuwa 1.25 daga ƙasa. A nan ake yawan tafka asara: a fitar da waya tun gini, sai kayan ɗaki su iso da fuskar gado mai faɗi da tsayi irin na amare, ta rufe wurin ruf. A samo faɗin gadon tukuna, a ƙara santimita 20 zuwa 30 a kowane gefe, sannan a sa alama.

A bandaki, fitila biyu a gefen madubi a 1.6 zuwa 1.65 sun fi guda ɗaya a sama, domin ta sama tana jefa inuwa a ƙarƙashin haɓa da ido. In guda ce dole, mita 2. Ko wacce ce, ta zama mai lambar jure ruwa IP44 ko sama, nesa da feshin shawa.

Waje kuwa babban tsayin ne ya ci. Da ruwan farko shinge da sauran ƙwari sukan yi dafifi a kan fitila, tsaka ta biyo su. In an kafa ta a 1.7 dab da ƙofar falo, da an buɗe sai su afko ciki. A kai ta mita 2.2 zuwa 2.4, a matsar da ita kamar mita 1 daga bakin ƙofa. Wadda ruwan sama zai doka kai tsaye, a katanga ko get, ta zama IP65, a kuma toshe samanta da silikon ta inda take haɗuwa da bango.

Wajen awo, a tuna daga kan tayil ake ƙirga. In ba a shimfiɗa ba tukuna, a ƙara kusan santimita 5 na siminti da tayil. Kada a yarda da ƙirga layin bulo, domin kowane layi da simintinsa wajen santimita 25 ne amma magina ba sa daidaita shi, sai ki ga fitila biyu a bango ɗaya wata ta ɗara wata. A sa tiyon ruwa na magina a zagaya layi guda a ɗakin, duk awo ya tashi daga nan. Kuma ki sayo fitila guda ki ba mai wayarin tun yanzu, don wasu wayarsu ta tsakiya take shiga, wasu ta ƙasa, kuma bambancin kan kai santimita 15. Fayif mai milimita 20 da waya mai 1.5 sun isa layin fitilu, amma in jikin fitilar ƙarfe ne a ja wayar at, wato wayar da ke kare mutum daga jan wuta, har wurin.

Masu ginin ƙasa a cikin birni, inda waya take bi ta saman bango, a fara kafa ɗan katako mai kauri a ɗaure fitilar a kai, domin sukuru ba ya riƙe jar ƙasa. A soron da rufinsa ke lanƙwasa, a tsaya ƙasa da inda bakan ya fara karkata, kada fitilar ta sunkuyo.