VARCHAR ko DATE, ina za a zuba ranar haihuwa?

Ƙanena da ya yi tambaya jiya da dare, ka ce ka haɗa fom na rajistar ɗalibai don wata islamiyya nan Mabera, amma ranakun haihuwa da yawa sai su koma 1970-01-01 cikin databes, har wani ya ba ka shawara ka maida kolum ɗin daga DATE, nau'in kwanan wata, zuwa VARCHAR, nau'in rubutu zalla, ka huta. Don Allah kada ka yi, tsaya ka ji.

1970 ɗin nan ba laifin databes ɗin MySQL ba ne, strtotime ce, umarnin harshen kod na PHP mai karanta kwanan wata daga rubutu. In ta ga kwanan wata da alamar / tana karanta shi irin na Amurka, wata kafin rana. In anka rubuta 25/03/2015 sai ta nemi wata na 25, babu shi, ta dawo da false, date() kuma ta ɗauke shi sifili, sifilin nan shi ne 1 ga Janairu 1970, ranar da PHP ke fara ƙidayar lokaci daga gare ta. Wanga ma da sauƙi tunda ido na ganinshi. Wanda ya fi ban tsoro shi ne 05/03/2015, zai wuce lafiya lau ba ƙorafi amma yaron da anka haifa 5 ga Maris ya koma ɗan 3 ga Mayu, ba wanda zai lura sai ranar da uba ya zo karɓar takarda.

To VARCHAR, gaskiya ranar farko daɗi gare shi, duk abin da anka ba shi haɗiyewa yake. Matsalar ita ce shi rubutu kawai ya sani. Ka ce mashi ORDER BY sai ya jera harafi bayan harafi, 02/12/2016 ta zo gaban 15/01/2010 don kawai 0 ya riga 1. Ranar da shugaban makaranta ya ce fiddo mani yaran da sunka kai shekara goma, nan za ka san ka ɗauko ruwan dafa kanka. Ni na taɓa gadon irin wanga aiki a wata makaranta, kolum guda amma wani ya rubuta 5/3/15, wani 05-03-2015, wani ma "bayan babbar salla" ya sa, kwana uku na yi cikin zafin Afrilu ina gyara layi layi da hannu, wasu dole sai da munka kira iyaye a waya.

DATE kuwa sharaɗi guda gare shi, shekara, wata, rana, wato 2015-03-05. Ka cika mashi wannan, jerawa daidai, BETWEEN mai zaɓo ranakun da ke tsakanin ranaku biyu na aiki, TIMESTAMPDIFF ta lissafa maka shekarun yaro a layi guda.

Hanya mafi sauƙi ka sa input type="date" a fom ɗinka. Ko da yaya burauza ta nuna ma mai cikawa, abin da take turawa zuwa server, kwamfutar da kod ɗinka ke zaune, kullum 2015-03-05 ne, daidai yadda DATE ke so. In kuma akwatin rubutu kake amfani da shi to DateTime::createFromFormat('d/m/Y', $rana) sannan format('Y-m-d'), kai ka faɗa mata tsarin ba ta yi maka hasashe ba. Amma kula, in anka ba ta 31/02/2015 ba ta ƙi, gangarawa take zuwa 3 ga Maris, don haka tace da checkdate() tukuna.

Yaron da ba a san ranar haihuwarshi ba, kuma muna da su da yawa, akwatin zai zo fanko. Kada ka tura '' haka nan, MySQL tun daga 5.7 yana zuwa da tsattsauran yanayi (strict mode, mai ƙin karɓar bayanin da bai dace ba) a kunne, zai ce Incorrect date value, inda anka kashe shi kuma 0000-00-00 za ka tarar. Bari kolum ɗin ya karɓi NULL, wato babu komai, ka tura null ta PDO, hanyar da PHP ke magana da databes.

Kuma kada ka ce bari in ɗauki TIMESTAMP, nau'in da ke ajiye rana da lokaci tare, iyakarshi daga 1970 zuwa 19 ga Janairu 2038, malamin da anka haifa 1965 ba ya shiga. Bar shi don ajiye lokacin da anka yi rajista, ka saita PHP kan Africa/Lagos. Wajen buga takarda DATE_FORMAT(rana, '%d/%m/%Y') ta maido ma malamai 05/03/2015 ɗin da sunka saba gani.

Turo kod ɗin INSERT ɗinka bayan la'asar in duba maka.