Sharhi kan HackerRank: amfaninsa wajen gwada tsofaffin hannu

HackerRank dandali ne da kamfanoni ke biyan kuɗi domin gwada masu neman aikin rubuta manhajar kwamfuta kafin a kira su ganawa. Vivek Ravisankar da Hari Karunanidhi ne suka kafa shi. Ana tura wa mai neman aiki tambayoyi, a ƙayyade masa lokaci, sannan na'ura ta duba amsarsa ta ba shi maki ba tare da sa hannun mutum ba.

Idan ɗaruruwan matasan da suka kammala jami'a suka nemi gurbi guda, wannan tsari yana sauƙaƙa tacewa ƙwarai, kuma a nan ba ni da ja. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da aka tura tambayoyin nan ga wanda ya shafe shekara 15 yana jagorantar manyan ayyuka.

Ba na cikin masu cewa tsohon hannu ya wuce gwaji. Binciken da masana Schmidt da Hunter suka wallafa a 1998 ya nuna cewa gwajin aiki a aikace ya fi yawan shekarun aiki hasashen ƙwazon ma'aikaci nesa ba kusa ba, wato 0.54 a kan 0.18 a ma'aunin da 1 ke nufin cikakken hasashe, kuma ko da Sackett da abokan aikinsa suka sake lissafin a 2022 suka sauko da adadin gwajin zuwa 0.33, bai koma bayan shekaru ba. Sai dai abin da binciken ke nufi shi ne gwajin da ya yi kama da ainihin aikin, alhali yawancin tambayoyin tacewar nan sun fi kama da jarrabawar makaranta. Misali, a 2015 Max Howell, wanda ya ƙirƙiro Homebrew (manhajar da ake girka wasu manhajoji da ita a kwamfutar Mac), ya koka cewa Google ta ƙi ɗaukarsa saboda ya kasa warware irin wannan tambaya a kan allo. Aikin babban injiniya kuwa shi ne duba aikin na ƙasa da shi, yanke shawara kan tsari, da gano inda matsala za ta ɓullo tun kafin ta ɓullo, waɗanda agogo da maki ba sa iya aunawa.

Sashen dandalin da nake ba da shawarar a yi amfani da shi ga irin waɗannan mutane shi ne na ganawa kai tsaye, inda mai tantancewa da mai neman aiki ke rubutu a allo guda suna tattaunawa. A kawo wa mai neman aikin manhajar da ke da matsala irin wadda kamfanin ke fama da ita, a ba shi awa ɗaya, a saurari dalilansa.